Ruwan da Inna Yakaka Ta Zuba

Sabon Gari, Kano.
9 ga Satumba, 1956.

Zuwa ga yayata Monica,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yaran duka. Yaya Gusau, yaya ruwa a wajenku? Yaya ƙafar Chinyere, ta daina ɗingishi? Ni lafiyata ƙalau, sai godiya ga Allah.

Albishirinki. Na ci jarrabawar Latin. Takarda ta iso ranar Alhamis, Fada, limamin cocinmu, da kansa ya hau babur ya kawo mini ita har makaranta, ina tsakiyar koya wa 'yan aji uku lissafi. Seminari sun karɓe ni, watan Janairu zan tafi in fara karatun zama firist. Kin san shekaruna sun haura na sauran, ni ashirin da biyu, su kuwa yawancinsu ko gemu bai fara tsiro musu ba. Fada ne ya rubuta ya tsaya mini, suka ce to, sun ba ni wuri, amma na bana kawai. Na bana ɗin ma ya ishe ni.

Shekara biyu ke nan ina haddar kalmomin mutanen da suka mutu tun kafin a gina ganuwar Kano. Da safe kafin makaranta, da yamma a ofishin Fada, a hanya kuma ina tafe ina motsa baki. Ran nan a kasuwa wata mai sayar da manja ta bi ni da kallo, ta tambayi maƙwabciyarta ko ɗan Boniface ya sami taɓin aljanu. Yanzu sai ki gaya wa duk mai tambaya cewa aljanun sun ci jarrabawa.

Na riga na shaida wa hedimasta zan bar aiki ƙarshen Disamba, har ya sami wanda zai maye ni. Akwatin ƙarfen Baba na wanke shi na shafa masa fenti. Abin da ya rage takardu biyu ne kacal da seminari suke so kafin ƙarshen Nuwamba, ta baftisma da ta ƙarfafawa, wato ɗora hannun da Bishof ya yi mana. Wannan aikin minti biyar ne, buɗe littafin coci kawai za a yi a kwafo.

Yaya, na karanta wasiƙarki har sau uku. Kin ce mu biyu kaɗai muka rage, Mama ta tafi ranar da ta haife ni, Baba ya bi ta shekara huɗu da suka wuce, yanzu ni ma zan sa farar riga in zama na kowa in bar ki. Maganar ta taɓa ni, ba zan ɓoye miki ba. Amma ban taɓa tabbata da wani abu a rayuwata kamar yadda na tabbata da wannan kiran ba. Ki yi haƙuri kuma, Kirsimeti ba zan sami zuwa Gusau ba, akwai littafi guda da Fada yake so mu gama kafin in tafi.

Kin ce maigidanki yana dariya wai 'ya'yan Boniface suna rubuta wa juna Hausa. Ki ce masa da ita muke faɗa tun muna yara, da ita kuma muke shiryawa. Ibon da muke ji ba wanda ya koya mana rubuta shi.

Ki gaishe shi, ki shafa mini kan yaran.

Ƙanenki,
Cyprian.

Sabon Gari, Kano.
14 ga Oktoba, 1956.

Zuwa ga yayata Monica,

Gaisuwa da fatan alheri a gare ki da mutanen gidanki baki ɗaya. Ina fata yara suna lafiya, ke ma kina cikin ƙoshin lafiya. Ni jikina lafiya, amma akwai magana, ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Aikin minti biyar ɗin nan da na cika miki baki a kai ya ci mana kwana uku. Takardar ƙarfafawa tana nan, sunana ɓaro-ɓaro, shekarar 1946. Ta baftisma ce babu. Malam Augustine, katikis ɗinmu mai koyar da addini a coci, ya sa tabarau ya bi littafin 1934 layi-layi da ɗan yatsa, ya bi na shekara biyun da ke biye, ni ma na karɓa na bi. Naki sunan mun gani a tsohon littafi. Nawa ko alamarsa. Abin da muka samu kawai wani ɗan kati ne na lokacin da zan fara karɓar Jibi Mai Tsarki, gurasar Ubangiji a coci, inda katikis na wancan zamani, Allah ya jiƙansa, ya rubuta cewa an yi mini a gida, in ji ubana.

Fada ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce idan jariri yana bakin mutuwa, kowa ma yana iya yi masa baftisma a gida, kuma ta yi, muddin an zuba ruwa a ka an faɗi kalmomin daidai. Amma ba zai sa hannu a kan in ji wane ba, sai an sami mutum ɗaya mai gaskiya da ya gani da idonsa ko ya yi da hannunsa. Idan ba a samu ba, zai yi mini wata don kawar da shakka, wannan ba wuya. Wuyar ita ce dole a sake ƙarfafawa a bayanta, wannan kuwa sai Bishof. Bishof ya zo Lahadin da ta wuce, ni na jera masa yaran ma da hannuna, daga nan ya tafi ƙasarsu hutu, sai bayan Ista. Kin ga Nuwamba ta wuce, Janairu ta wuce, wurin da aka ba ni na bana kawai shi ma ya wuce.

Ba zan yi miki ƙarya ba, da na fito daga ofishin nan jikina ya yi sanyi. Shekara goma sha biyu ina durƙusawa ina karɓar Jibi, ina koya wa yaran mutane katikizim, ashe ana iya cewa ko ƙofar ban shiga ba. Na tsaya a bakin coci na rasa ko in tsoma yatsa a ruwan tsarki ko in wuce. Daga baya na tsoma. Baba kafinta ne, ko katako bai taɓa yi wa ƙarya ba, balle katikis. Tunda ya ce an yi, an yi.

Abin da ban sani ba shi ne wa ya yi. Baba ba ya son maganar ranar nan, ni kuma ban taɓa matsa masa ba. Na san yana aikin reluwe a Nguru lokacin, ba ya gari. Ke kina da shekara biyar. Don Allah ki zauna ki tuna, duk abin da kika ji daga bakinsa, ko ƙanƙani ne, ki rubuto mini a jirgi na gaba. Kada ki tayar da hankalinki, nawa a kwance yake. Latin ma ban fasa ba.

Ki gaida maigidanki da kyau.

Ƙanenki,
Cyprian.

Sabon Gari, Kano.
28 ga Oktoba, 1956.

Zuwa ga yayata Monica,

Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan kowa yana lafiya a gidanki. Wasiƙarki ta iso ranar Talata, na gode ƙwarai. Na san abin da amsar nan ta ci miki. Da kin yi shiru da na zauna a Kano dole, yadda kike so, amma kika rubuto. Ba zan manta ba.

Kin ce Mama ta bar ki wurin maƙwabta ta tafi Fagge ɗauko bandar da take sarowa a hannun Inna Yakaka, ruwan Agusta ya tsare ta a can, naƙuda ta kama ta, ba ta dawo ba. Kin ce kuma sau ɗaya kin ji Baba yana gaya wa wani cewa Yakaka ce ta yi wa yaron. Da na karanta wannan layin sai kunya ta rufe ni. Matar da ta shayar da ni shekara biyu tare da 'yarta Bintu, ta goya ni, ta yaye ni, rabona da ƙofar gidanta tun rigimar nan ta Sabon Gari da Fagge, shekara uku da suka wuce. Tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Kullum ina cewa sai gari ya ƙara lafawa, gari ya lafa ni ban je ba, sai yanzu da bukata ta taso.

Na je ranar Laraba bayan an tashi makaranta. Unguwarsu Kwaciri tana nan yadda kika san ta. Goni mijin Inna yana zaure kan buzunsa da littattafansa, ya tsufa, amma idon nan nasa yana nan. Ya dube ni ya ce Anaruwa, ashe kana duniya. Kin tuna a gidan nan ba wanda ya san wani Cyprian. Inna kuwa ba ta ko amsa gaisuwata ba sai da ta gama yi mini faɗa tas, sannan ta kama hannuna ta latsa ta ce karatun nan ya tsotse ni. Ta zubo mini burabusko da miyar banda, ta zauna a gabana har sai da na ga ƙasan kwano.

Da na kawo maganar, Yaya, sai fuskarta ta sauya. Tana tsince gero a faifai, hannun ya tsaya. Ta ce ranar nan ta yi nisa, ita tsufa ya kama ta, ba ta tuna komai sai ruwan sama da jini. Matar da ta gama lissafa mini ranar da haƙorina na fari ya fito. Na sake tambaya a hankali, ta ce in ƙara miya.

Bintu ta zo ganin gida ran nan, ita ta rako ni har bakin lungu ta warware mini. Ta ce Inna ba ta manta ba. Mama ce ta roƙe ta, ta koya mata waɗansu kalmomi da Ibo, ita kuma ta faɗa ta zuba ruwan. Ba ta san ma'anarsu ba, ta dai san na addininmu ne, tun daga ranar take jin ta ɗauki laifi a bakinta. Ko Goni ba ta taɓa gaya wa ba. Sannan ki tuna aikinta. Ita ce ungozomar unguwar nan, rabin yaran Kwaciri a hannunta suka faɗo. Idan magana ta fita cewa ta taɓa yi wa jariri wankan Kirista, wace mace za ta sake miƙa mata ɗanta?

Na kwana biyu ina juya maganar, na yanke shawara. Ba zan sake tambayarta ba. Wannan mata ta ba ni nono lokacin da ba ni da uwa, ba zan biya ta da zubar mata da mutunci a unguwarta don in sa farar riga ba. Na gaya wa Fada ya shirya yi mini baftismar kawar da shakka. Ya ce mu bari Nuwamba ta ƙare tukuna.

Ya yi mini ciwo, ba na musu. Aikina na ba wani, akwati yana kusurwa yana ƙamshin fenti. Amma wanda ya kira ni ya san gidanmu, idan ba ta wannan ƙofar ba zai buɗe wata. Kada ki yi murna da wuri, ba aure na ce miki zan yi ba.

A gaida yara.

Ƙanenki,
Cyprian.

Sabon Gari, Kano.
11 ga Nuwamba, 1956.

Zuwa ga yayata Monica,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda za ta same ku lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni lafiya lau nake. Wannan wasiƙar ki karanta ta ke kaɗai tukuna, akwai saƙonki a ciki.

Ranar Talata da hantsi ina cikin aji hedimasta ya leƙo ya ce ina da baƙo. Na fito sai ga Goni a tsakar makaranta, da rawaninsa da sandarsa, yara sun yi cirko-cirko suna kallonsa. Da ƙafa ya zo daga Fagge, shi da rabonsa da Sabon Gari ya fi nawa rabon da Kwaciri. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce tun ranar da na je Inna ba ta cin abincin kirki, har ta gaji ta gaya masa komai. Ya ce ransa ya ɓaci, amma ba don kalmomin ba, don ta ɗauki abu shekara ashirin da biyu ita kaɗai, shi yana zaure yana warware wa mutanen gari matsalolinsu. Mai mutuwa ta ba ta amana ta sauke, zuciyarta kuma ba ta motsa daga inda take ba. Ɓoye shaida shi ne abin da yake ji mata tsoro. Ya ce in kawo malamin namu ranar Alhamis bayan la'asar.

Mu uku muka je, ni da Fada da Malam Augustine. Fada ya tuɓe takalmi a bakin zaure ba wanda ya ce masa. Na tashi zan saki asabarin ƙofa, Goni ya hana, ya ce a bar shi a naɗe, duk mai wucewa ya gani, kada gobe a ce an yi wani abu a ɓoye a gidansa. Mutane kuwa sun wuce, waɗansu ma sun wuce sau biyu. Inna ta fito da lulluɓinta ta zauna daga ƙofar ciki.

Fada ya yi tambayoyinsa da Hausarsa ta littafi, Malam Augustine yana gyara masa. Wane irin ruwa? Ta ce na sama, ta tara ƙoƙo a indararo, don randa tana can ƙetaren tsakar gida, ni kuma na fito shuɗi ba kuka. A ina ta zuba? A goshi, sau uku, har ya gangara kunne. Me ya sa uwar ba ta yi da kanta ba? Ta ce hannun Agnes, wato Mama, ya riga ya mutu, baki kawai ya rage, sai ta sa ta maimaita kalmomin har suka zauna, sannan ta ce zuba. Daga nan ya tambaye ta mece ce niyyarta. Goni ya ɗago kai ya ce ashe ku ma kuna tambayar niyya. Inna ta ce ita ba ta bar addininta ba ko na ƙiftawar ido, abin da uwar yaro ta roƙa a yi wa ɗanta shi ta yi niyyar yi, ba ragi ba ƙari. Fada ya ce wannan ya isa.

Saura kalmomin. Na ɗauka a nan za mu tsaya, wa zai riƙe harshen da ba ya ji har shekara ashirin da biyu? Ta ce ta so ta manta sun ƙi, duk ranar da ruwa ya sauko a indararo sai sun dawo mata. Ta rufe ido ta fara. Yaya, Ibo ne da bakin Barebari, ya lanƙwashe nan ya karye can, amma ko kalma ɗaya ba ta faɗi ba. Uchechi, ina yi maka baftisma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ashe Uchechi ne sunan da Mama ta raɗa mini. Malam Augustine yana juya wa Fada, Fada ya ɗaga alƙalami zai rubuta, don a nan kalmomin suke ƙarewa.

Inna ba ta tsaya ba. Ta ci gaba da muryar nan ɗaya, ita a wurinta duk addu'ar ce. Malam Augustine ya buɗe baki zai juya, ya kasa, ya cire tabarau. Ni ba na bukatar tafinta. Ga abin da ta ce, na mayar miki da shi Hausa yadda yake:

"Ɗana, buɗe idonka. Kada ka biyo ni. Ka zauna wurin yayarka, ita kaɗai na bari a gida."

Ban taɓa jin maganar Mama ba sai ran nan. Na yi kuka a zauren Goni, ƙofa a buɗe, ban ji kunyar kowa ba. Inna ta tsorata ta ce ko ta ɓata wani wuri. Da na gaya mata ma'anar, sai ta dafe baki ta ce ashe sallama baiwar Allah take yi da ɗanta da bakina, ni kuma ina ta neman gafara a kai. Ta ce ana zuba ruwa na uku na callara kuka, Mama ta ji, kafin magariba ta cika.

Fada ya rubuta a littafin coci jiya. A gurbin wanda ya yi baftisma an sa Yakaka, matar Goni, Kwaciri. Takardun biyu sun tafi, Janairu tana nan daram. Ba zan ce ba a yi ƙananan maganganu a unguwa ba, an yi, wani gida ma sun aika an kira wata ungozomar. Na je jiya da yamma raina ba daɗi a kan haka, na tarar ba ta nan, an zo an ɗauke ta wurin wata haihuwar. Na yi wa Goni alkawari duk hutun da na zo Kano, Kwaciri zan fara sauka.

Yanzu maganarki. Kin ce zan tafi in bar ki, na ba ki amsa da Latin da littafin Fada. Seminari zan tafi, wannan ban fasa ba, kuma ban ga Mama ta hana ni ba, in bi ta lahira ne ta hana ni. Amma rabin maganarta a kanki ne. Tana kwance jini yana zuba, ke take tunawa a ɗakin maƙwabta kina jiran ta dawo da banda. Na gaya wa Fada littafin nan zai jira. Zan hau jirgin Juma'a, 21 ga Disamba, in sauya a Zariya, kuma daga gidanki zan wuce makaranta, ba daga Kano ba. Duk wata za ki ga wasiƙata, idan ba ki gani ba ki kai ƙarata wurin Inna.

Saƙon ya yi shekara ashirin da biyu a hanya kafin ya iso ni, na kuwa karɓa. Ki shimfiɗa mini tabarma, ki gaya wa yara kawunsu yana tafe.

Ƙanenki,
Uchechi.